Kocin da Ba Ya Cikin Takarda

Tsakanin Parakou da Djougou tafiyar kimanin kilomita 135 ce, kuma duk gari mai ɗan girma da mota ta ratsa za ka hangi kwalejin gwamnati, irin wadda ake kira CEG. Gine-ginen sukan bambanta, amma filin ƙwallon kusan iri ɗaya ne ko'ina: jar ƙasa da ƙafa ta daddaɓe, turaku biyu gabas biyu yamma, sai mangwaro ko dalbejiya a gefe inda 'yan kallo ke fakewa. Kowane fili kuwa akwai mutum guda da aka san shi da shi. A takardar albashi malamin motsa jiki ne. A bakin yara Mushe ne, sai daga baya aka koma ce masa koci. Shi ne ke fara nuna wa yaro yadda ake tare ƙwallo da cikin ƙafa, shi ne kuma ba a tambaya ranar da yaron ya zama wani abu.

Wanda na sani a cikinsu ba Bahaushe ba ne. Mutumin ƙauyukan Djougou ne, Yom ake yi a gidansu. A fili da Dendanci yake tsawa, da Faransanci yake bayanin doka, in ya juyo kanmu 'yan Zango sai ya yi mana Hausar da ya tsinta a kasuwa. Ya yi karatun koyar da wasanni a Porto-Novo, aka turo shi wata kwaleji a Djougou a farkon shekarun 1980, daga baya aka mai da shi Parakou, a can ya yi ritaya. Bai taɓa horar da Buffles du Borgou ba, bai taɓa zama a bencin Panthères na Djougou ba, jarida ba ta taɓa buga hotonsa ba. Na yi wasa a hannunsa lokacin da nake zaune wajen kawuna a Djougou, na kuma ci gaba da ganinsa bayan mun sake haɗuwa a Parakou. In na waiwayi aikinsa, abin da nake gani shi ne yadda ƙwallon arewacin Benin ta tashi daga hannun amana ta koma hannun takarda. An samu alheri mai yawa a wannan sauyi, an kuma manta da mutum guda a hanya.

Ya fara aiki zamanin juyin juya hali. Mathieu Kérékou ya karɓi mulki a watan Oktoban 1972, ya rungumi aƙidar gurguzu a 1974, ya canja sunan ƙasar daga Dahomey zuwa Benin a 1975. Lakwal ta wancan lokaci tana da gona, ɗalibai suna noma, wasa kuma ana ɗaukarsa aikin gina ƙasa. A baki ke nan. A hannu kuwa abin da Mushe ya tarar shi ne ƙwallo ɗaya ta fata, wadda baduku ya san ta kamar 'yarsa saboda yawan ɗinki, da usur, da bokitin toka na zana layi. Mafi yawanmu ba takalmi muke wasa. In za a je wasa wani gari sai a roƙi direban babbar motar da ta sauke doya ko auduga, a hau baya. Duk da haka akwai abin da ke ɗaga kan yaron arewa a lokacin: Buffles ta Parakou ta ci kofin ƙasa a 1979, a gasar da ƙungiyoyin Kwatano da Porto-Novo suka saba rabawa tsakaninsu. Yaron da ya ji wannan labari ya san ba sai an haife ka a bakin teku kake iya ƙwallo ba.

Babban aikin Mushe a shekarun nan ba a fili yake ba, a zaure yake. A Zango ƙwallo shiririta ce. Yaro ya dawo daga lakwal, allo na jiransa, in ya gama akwai rumfar uba a kasuwa. Wanda aka gani yana bin ƙwallo har rana ta faɗi, an san abin da zai tarar a gida. Don haka in Mushe ya ga yaro mai ƙafa, sai ya wanke fuska ya sa riga mai hannu, ya je ya yi sallama. Ina bayan ƙofa ranar da ya zo wajen kawuna.

"Alhaji, yaron nan nake roƙo, Laraba da la'asar da Asabar da safe."

"Mushe, ƙwallo me za ta ba shi?"

"Ba na ce za ta ba shi komai ba, Alhaji. Amma in yana wajena kun san inda yake. Kafin magariba yana gida. Ranar da makinsa ya faɗi a aji, ni da kaina zan kore shi."

Kawu ya yi shiru, sannan ya ce, "To, na ba ka amanarsa."

Iyakar yarjejeniyar ke nan, ba sa hannu, ba shaida. Kuma ta riƙu, domin Mushe yana da wani littafi mai bangon shuɗi wanda ba ya rabuwa da shi. A ciki yakan rubuta sunan yaro da na ubansa da unguwarsu, da makin da ya samu a kowane zangon karatu, da shekarar haihuwarsa. In ba a san shekarar ba sai ya zauna da uwar yaron ko kakarsa su lissafa: kafin rasuwar wane ne ko bayanta, da damina ne ko da ɗari, shi da ɗan gidan wane suka sha nono tare. Wanda makinsa ya faɗi ƙasa da goma cikin ashirin, ranar wasa zai zauna a gindin mangwaro yana riƙe wa 'yan'uwansa riguna, ko da shi ne mai cin ƙwallayen. Na ga an ci mu saboda wannan doka, na kuma ga Mushe ya koma gida bai canja ta ba.

Mutanen Djougou sun san irin wannan matsayi tun kafin a san ƙwallo. Garin, wanda fatake ke kira Zugu, zango ne a kan hanyar goro tsakanin ƙasar Hausa da Gwanja. Ayari ya taso daga Kano ko Sakkwato da kanwa da tufafi da fatu, ya yada zango a unguwar Wangara kafin ya nufi Salaga. A kowane zango akwai mai masauki, wanda zai karɓi baƙo, ya adana kayansa, ya tsaya masa a gaban masu gari, ya haɗa shi da mai saye, sannan ya sallame shi ya ci gaba da tafiya. Mushe mai masauki ne na yara. Bambancin kawai, mai masaukin fatake yana da la'adarsa, kowa ya san ta, ba mai hana shi.

Ƙarshen shekarun 1980 ya zo da wuya. Baitulmali ya bushe, ma'aikata suka yi watanni ba albashi, a 1989 malamai da ɗalibai suka shiga yajin aiki har shekarar karatu ta tafi a banza. Azuzuwa a rufe, yara a titi. Mushe yana cikin masu yajin, bai shiga aji ba, amma kullum la'asar yana fili. Ya ce yajin da gwamnati ake yi, ba da yara ba. A wannan shekara na ga iyayen da a da suke ɓoye takalmin ɗansu suna aiko da shi da kansu, domin sun gane gara fili da tasha. Taron ƙasa na Fabrairun 1990 ya kawo siyasar jam'iyyu, Buffles ta sake ɗaukar kofi a 1992, sai kuma aka karya darajar sefa da rabi a Janairun 1994, kuɗin ƙwallo da takalmi da duk abin da ake shigowa da shi ya yi tsalle. A tsakanin nan aka mai da shi Parakou.

Parakou wata duniya ce. Nan layin dogo daga Kwatano ya ƙare, nan a lokacin ake ɗora kayan Nijar a manyan motoci su nufi Malanville da Gaya, nan Bariba da Dendawa da Fulani da Yarbawa da Hausawa ke cin kasuwar Arzèkè tare. Nan kuma Mushe ya gamu da abin da ya fi kowace gwamnati canja masa aiki, wato talabijin. Faranti ya hau rufin gidajen kallo, yaro ya biya 'yan kuɗi kaɗan ya ga Turai da idonsa. Najeriya ta ci kofin Afirka a 1994, ta ci zinare a Atlanta a 1996, kowane lungu na Zango aka samu Kanu da Okocha da Tijjani Babangida. Da Benin ta je gasar Afirka karon farko a Tunisiya a 2004, sai ta faɗa rukuni ɗaya da Najeriya. Najeriya ta ci ta 2 da 1, Garba Lawal ne ya fara zura ƙwallo, Moussa Latoundji ya rama ɗaya a ƙarshen wasa. A gidan kallon unguwarmu an yi ihu sau uku, domin zuciyar ɗan Zango a rabe take a irin wannan rana.

Daga nan tambayar iyaye ta juya. Uban da a da yake cewa ƙwallo me za ta ba shi, yanzu shi ke riƙo hannun yaron ya kawo, yana tambaya yaushe zai tafi Turai. Ba na ganin laifinsu. Auduga ba ta biya kullum, aikin gwamnati ya yi wuya, mai digiri yana tuƙa babur ɗin haya. A Djougou kuwa tafiya ba baƙon abu ba ce, samari da yawa sun bi hanyar Najeriya, wasu sun bi ta Aljeriya da Libiya. In dai za a tafi, in ji uba, ai gara a tafi da takalmin ƙwallo a jirgin sama. Masu neman na banza suka gane haka. Sai ga mutum da jaka da waya biyu, ya tsaya a gefen fili, ya nuna yaro, da dare ya je gidansu da hoton wata takardar gayyata. Na san gidan da aka sayar da fili da shanu biyu aka ba irin wannan mutum. Yaron ya ƙare a wani ɗaki a wata ƙasar Larabawa, bizarsa ta mutu, ba ƙungiya, ba kuɗin dawowa, sai da dangi suka yi karo-karo. Mushe ya gargaɗe su tun farko. An ce masa baƙin ciki yake yi.

Amma abin da ya fi cin ransa shi ne maganar shekaru, kuma a nan ya kamata a yi adalci. Yara da yawa a arewa a gida aka haife su, ba a kai sunansu ofishin magajin gari ba. In lokacin jarrabawa ya zo sai a je kotu da shaidu a karɓo takardar da ke maye gurbin ta haihuwa, alƙali ya rubuta shekarar da aka faɗa masa. Yaron da ya shiga lakwal a makare, saboda kiwo ko allo, akan rage masa shekara ɗaya ko biyu don kada a ce ya wuce shekarun zama jarrabawa. Iyaye ba su ɗauki wannan ƙarya ba, taimako suka ɗauke shi. Da ƙwallo ta zama hanyar arziki, sai ƙofar da aka buɗe don tausayi ta zama kasuwa. Ɗan shekara ashirin da ɗaya ya koma sha shida, domin dillali ya ce Turawa ba sa sayen tsoho.

Wani uba ya same shi da wannan buƙata a gabana. Ya ce, "Mushe, littafin nan naka kawai za ka gyara, na kotu mun gama." Mushe ya ce, "Baba, in na rage masa huɗu, wa zan cire don ya shiga? Ɗan maƙwabcinka zan cire, wanda shekarunsa sha biyar ne na gaskiya." Uban ya tashi da fushi, ya kai yaron wata ƙungiyar unguwa. Amsar Mushe ita ce hujjar da na fi yarda da ita har yau. Rage shekaru ba Bature ake cuta ba tun farko. Ana cutar ƙaramin yaron da ya fi kowa basira a ajinsa, amma aka haɗa shi da ƙato mai gemu a gasar 'yan ƙasa da sha bakwai, aka ture shi sau uku, ya yanke wa kansa hukuncin cewa bai iya ba, ya bar fili. Ana kuma cutar shi wanda aka rage wa, domin an hana shi koyon abin da ya dace da shekarunsa, yana cin yara da ƙarfin ƙirji har ranar da zai gamu da tsaransa. Ƙungiyar Mushe ta sha kashi a gasar makarantu shekara da shekaru a hannun irin waɗannan "ɗalibai". Wani direkta ya taɓa ce masa ya riƙa yin yadda kowa ke yi. Bai yi ba, kuma hakan ya sa ba a taɓa ɗaukarsa kocin da ke kawo kofi ba.

Gaskiyarsa ta fito daga wajen da bai zata ba. Tun gasar duniya ta 'yan ƙasa da 17 da aka yi a Najeriya a 2009, FIFA ta fara amfani da na'urar MRI wajen duba wuyan hannu: in ƙashin ya gama haɗewa, alama ce mai ƙarfi cewa mutum ya wuce shekarun. A Satumban 2018 aka kori tawagar Benin daga wasannin share fagen gasar Afirka ta 'yan ƙasa da 17 a Yamai, bayan 'yan wasa goma sun faɗi wannan gwaji. Da suka dawo gida aka gurfanar da su a kotu a Kwatano tare da wasu manya, har da tsohon shugaban hukumar ƙwallon ƙasar, aka yanke musu hukuncin ɗauri. Abin kunya ne, kuma na tausaya wa yaran, domin ba su suka ƙirƙiro wannan hanya ba, tarar da ita suka yi. Amma ban san wata rana da ta fi wannan amfani ga ƙwallon yara a Benin ba. A daidai lokacin gwamnati ta gudanar da rajistar jama'a da ake kira RAVIP, daga ƙarshen 2017 zuwa 2018, aka ɗauki hoto da zanen yatsu, kowa ya samu lambarsa. Canja shekara bai gagara gaba ɗaya ba, amma ya daina zama abin da ake gamawa da safe ɗaya.

Sauran sauye-sauyen ma na gaske ne, ba na cikin masu cewa da ta fi yanzu. A zamanin shugaba Patrice Talon da ministan wasanni Oswald Homeky aka gina filaye 22 a ƙananan hukumomi, da ciyawar roba da hanyar tsere da rumfar 'yan kallo. Djougou ta samu, Nikki da Bembèrèkè ma sun samu. Aka kafa azuzuwan wasanni a makarantu, da masu horarwa da ake biya. Aka jawo kamfanoni su riƙe ƙungiyoyin gasar ƙasa. Buffles ta dawo da ƙarfinta ta ci kofi a 2014 da 2017 da 2019, ko da yake Enyimba ta Aba ta nuna mata a 2015 cewa tsakanin zakaran gida da zakaran Afirka akwai tafiya. A 2019 a Masar tawagar ƙasa ta fitar da Maroko a bugun fenariti ta kai zagayen kusa da na kusa da ƙarshe, kafin Senegal ta tsayar da ita da ci ɗaya. A cikin tawagar akwai Steve Mounié, wanda aka haifa a Parakou a 1994. Daren nan babura sun kwana suna zagaya gari. Sai dai Mounié tun yana ƙarami aka tafi da shi Faransa, a Montpellier ya koyi sana'arsa. Parakou ta haife shi, ba ita ta rene shi ba, kuma masu horar da yara a garin sun fi kowa sanin haka.

Abin da ya fi faranta wa Mushe rai a duk wannan ba fili ba ne, 'yan mata ne. Shekaru ya yi yana roƙon iyaye su bar 'ya'yansu mata su yi ko da gudu ne, domin motsa jiki yana cikin jarrabawar BEPC da ta BAC, maki ne ake asara. A Zango bai cika yin nasara ba. Sai ga shi a 2023, a gasar makarantun Afirka ta farko da CAF ta shirya a Durban, 'yan matan kwalejin Cobly, wani gari can cikin Atacora, suna cikin waɗanda suka wakilci Afirka ta Yamma. Ƙaramar kwaleji ce irin tasa, da fili irin nasa. Yanzu a Parakou za ka ga yarinya da ɗankwali da dogon wando tana tsaron gida, uwarta na gefe da tiren ƙosai tana kallo.

To ina aka manta da shi? A cikin takardar kanta. Tun 2001 dokar FIFA ta tanadi cewa in aka sayar da ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata, za a ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin a raba wa ƙungiyoyin da suka rene shi daga shekara 12 zuwa 23. Akwai kuma diyyar horarwa, wadda ake biya lokacin da ya sa hannu a kwantiraginsa na farko. Dokar ta hana kai yaro ƙasa da shekara 18 wata ƙasa, sai da wasu 'yan dalilai. A 2022 FIFA ta buɗe ofishi a Paris da ke bin sawun waɗannan kuɗaɗe don kada su ɓace a hanya. Doka ce mai kyau, da ita ƙananan ƙungiyoyi da makarantun ƙwallo a Senegal da Mali da Ghana suke samun abin gina fili. Amma ana biyan wanda sunansa ke cikin tarihin rajistar ɗan wasan ne kawai, wato ƙungiyar da ke ƙarƙashin hukumar ƙwallo, wadda ta yi wa yaron lasisi. Kwalejin gwamnati ba ƙungiya ba ce. Shekara huɗu ko biyar da yaro ya yi a hannun Mushe, daga aji na farko har BEPC, a idon wannan tsari fanko ne. Wanda ya zo daga baya ya ɗauke shi yana da sha bakwai, ya yi masa lasisi na wata shida, shi ne mai reno a hukumance.

A Amurka, inda makaranta ita ce hanyar zama ƙwararren ɗan wasa, kocin ƙaramar kwaleji ma yana da tarihi a rubuce: wasa nawa ya ci, su wa suka fito daga hannunsa. Mu tsarin Faransa muka gada, inda ƙwallo ta ƙungiya ce, lakwal kuma ta ma'aikatar ilimi, kowa da ofishinsa. A Faransa hakan ba ya cutarwa, domin kusan kowane ƙauye yana da ƙungiya mai rajista da ke karɓar yara tun suna ƙanana. A yankunan Donga da Borgou kuwa, in ka fita daga manyan garuruwa, filin kwaleji shi ne makarantar ƙwallon da ake da ita. An taɓa ganin ƙungiya mai ɗauke da sunan makaranta ta yi nisa: ESAE ta ci kofin ƙalubale na ƙasa a 2019 ta kai matakin rukuni a gasar Confederation ta Afirka. Amma wannan babbar makaranta ce mai zaman kanta a kudu, mai kuɗin riƙe ƙungiya. Ba ita ce misalin kwalejin da ke tara kuɗin ƙwallo daga aljihun malamai ba.

Shi kansa kocin takarda ta zo masa. Yanzu akwai lasisin CAF hawa-hawa, daga D zuwa C da B da A, kuma ba ka zama a benci a babbar gasa sai da wanda ya dace. Wannan ma daidai ne, domin na ga masu horarwa da ke sa yaro tsallen kwaɗo a tsakar rana har gwiwarsa ta lalace, suna cewa horo ne. Sai dai kwas yana son kuɗi da tafiya da barin aji, lasisin kuma ya zo lokacin da Mushe ya kusa ajiye aiki. Ya yi ritaya da fanshon malamin makaranta, ba shi da ko matakin farko. Yaran da ya koya wa tare ƙwallo suna da C da B. Ba ya jin haushin haka, yakan ce sun fi shi sanin abubuwa da yawa, kuma gaskiya ne: suna kallon atisayen manyan ƙungiyoyi a waya, sun san abincin ɗan wasa, sun san yadda ake sassauta horo da azumi. Matsalarsu ma ta fi tasa. Shi da allo da rumfar kasuwa ya yi takara. Su da cacar ƙwallo ta waya suke yi, wadda ke koya wa yaro kallon wasa da idon mai neman riba tun bai iya buga shi ba.

Mafi yawan waɗanda ke cikin littafinsa ba su ci abinci da ƙwallo ba. Akwai 'yan kasuwa a Arzèkè, akwai malamai da ma'aikatan asibiti, akwai waɗanda suka wuce Jami'ar Parakou bayan an buɗe ta a 2001, akwai direbobin manyan motoci da rufe iyakar Nijar a 2023 ya zaunar da su a gida. Kaɗan sun buga wa Buffles ko Dynamo ko Panthères na 'yan shekaru. Da yawansu takardar BEPC da suke riƙe da ita, dokar gindin mangwaro ce ta sa suka same ta, kuma sukan faɗi haka da bakinsu. Su ne ke kai masa buhun masara da kaka, su ne suka haɗa kuɗi lokacin da aka yi masa aikin ido. La'adar da yake samu ke nan, kuma tana zuwa ne daga waɗanda ba su da yawa.

A ganina gyaran ba mai wuya ba ne. Ma'aikatar ilimi da hukumar ƙwallo su yarda ƙungiyar kwaleji ta yi rajista kamar kowace ƙaramar ƙungiya, ko a haɗa ta da wata ƙungiyar gari a rubuce, yadda duk yaron da ya kai sha biyu zai samu lasisi da sunan makarantarsa da lambarsa ta ƙasa. Ranar da ɗaya cikin ɗari ya tafi, kason da doka ta riga ta ware zai dawo filin da ya fito, a sayi ƙwallaye, a biya wa malamin kuɗin kwas. Dillalin da ke zuwa gida da dare ma zai tarar yaron yana da rajista, ba a ɗaukarsa sai an bi ta ofis.

Ɗaya daga cikin tsofaffin ɗalibansa, wanda yanzu shi ke koyar da motsa jiki a wata kwaleji a Djougou, bai jira ma'aikatu ba. Ya tara iyaye, sun kafa ƙaramar ƙungiya da za ta riƙa amfani da filin makarantar bayan an tashi, yara maza da mata daga sha biyu zuwa sha bakwai. Sharaɗin shiga biyu ne, takardar haihuwa mai lamba da makin aji goma cikin ashirin. Ya je Parakou ya roƙi Mushe ya zama shugaban girmamawa, ya kuma nemi aron littattafansa don ya kwafe tsarinsu a kwamfuta. Mushe ya ba shi, da sharaɗin ya dawo da su. Abin da ya rage musu shi ne kuɗin rajista da sa hannun direkta a kan maganar filin, suna kuma fatan gamawa kafin a koma lakwal a watan Satumba.